Shekarar da Ƙwan Zabi Ya Yi Mana Suna

A gidanmu na Balan, wutar Iya ba ta mutuwa da wuri. Iya kakata ce, mahaifiyar Babanmu. Idan an gama cin tuwo, an kwashe kwanuka, sai ta tura guntayen itace cikin murhunta da ke ƙarƙashin 'yar rumfar kara a ƙofar ɗakinta, ta jawo kujerarta ta zauna, mu jikokinta mu kewaye ta. Da rani mukan baje a tsakar gida. Da damina kuwa sai mu cusu a rumfar, gwiwa na gugar gwiwa, ruwa na ɗiga daga bakin kara, hayaƙi na kore mana sauro. Ba ta fara tatsuniya sai kowa ya yi shiru. Sannan ta ce, "Ga wata baƙuwa a bakin zaure." Mu kuma mu haɗa baki mu ce, "A yi mata iso."

Bayan ɗakin nata akwai garka, wadda ta kewaye da dangar kara saboda awaki. Ba wani fili ba ne mai girma, amma babu inda ta bari ƙasa ta huta. Kuɓewa a nan, yakuwa da rama a can, alayyahu a gindin danga, tattasai kusa da randar da take tara ruwan wanke-wanke, ga masara layi-layi, ga zogale a kusurwa. Kabewa kuma ta hau danga ta haye rufin ɗaki, har sai an sa tsani ake tsinko ta. Ban da garka, Iya tana da zabi. Da damina ta kankama sukan shige ciyawa su yi ta zuba ƙwai. Ita ta san maɓoyar kowace. Da dogon ludayi take kwasowa, ba ta sa hannu, wai idan zabuwa ta ji warin mutum sai ta sake gida. Duk mako wani mutum yakan zo daga Gaya a kan babur ya kwashe abin da ta tara.

Ina 'yar firamare Umma ta haifi ƙanena. Tsakiyar damina ce, lokacin da tsohon hatsi ya koma gindin rumbu, sabo kuma bai nuna ba. Noman bara bai yi kyau ba, don haka gidan a matse yake. Ragon suna dai yana ɗaure, na Iya ne ta bayar. Sauran kayan kuwa, shinkafa da mai da alewa da goro, Baba ya ce zai je Gaya wurin yayansa ya haɗo. Ya tafi da safe. Da la'asar sama ta yi baƙi, aka kwana ana ruwa, aka wuni ana yi. Washegari labari ya iso cewa kwalbatin da ke kan hanya ya tafi, ruwa ya yanke hanyar gida biyu, ko babur ba ya wucewa.

Baba ya maƙale a can. Mai sayen ƙwai ma bai zo ba. Zabi kuwa ba ruwansu da hanya, suka ci gaba da aikinsu. Ƙwarya ta cika, fanteka ta cika, har tsohuwar tukunyar da ke ƙarƙashin gadon Iya aka jawo.

Abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne saƙon da ya zo daga dangin Umma. Su ta wajen Ajingi suke, hanyarsu ba ta lalace ba, suka ce suna nan tafe ranar suna a amalanke. Kuma har da Hajiya Gambo, gwaggon Umma wadda ta riƙe ta tun tana ƙarama. Hajiya ba ta taɓa tako gidanmu ba tun ranar da aka kawo Umma. Ba gaba take yi da kowa ba, amma an san ta taɓa faɗa a gaban mutane cewa tana tsoron 'yarta za ta sha yunwa a Balan. Maganar ta dawo kunnen Baba, ta kuma zauna a zuciyar Umma shekara da shekaru.

Na shiga kai wa Umma kunun kanwa na tarar ta zuba wa ƙofa ido, hawaye na bin fuskarta. Iya ta shigo bayana.

"Iya, da me za mu tari mutane?" in ji Umma. "Hajiya za ta zo ta tarar da abin da ta faɗa."

"Sha kununki tun da zafi," in ji Iya. "Mai jego ba ta tunanin tukunya. Wannan aikina ne."

Ta fita, na bi ta. Ta shiga garka ta tsaya riƙe da ƙugu, tana duban kowane gefe kamar ranar ta fara ganin wurin. Ta ɗaga kai ta dubi kabewar da ke kan rufi. Daga nan ta koma ɗaki ta buɗe ƙwaryar ƙwai, ta daɗe a tsaye a kanta.

"Ƙawata," ta ce da ni, don haka take kirana, "je ki bi gidajen maƙwabta ki ce Iya na aron gwangwanin madara da na tumatir, duk wanda ke da shi."

Ranar ba ta zauna ba. Ta ciko fanteka da ruwa ta riƙa tsoma ƙwai, wanda ya nutse a ajiye, wanda ya taso a jefar. Ta aika wa mai shago ƙwai ƙwarya guda, ya auno mata ragowar fulawar da ke gindin buhunsa. Ta aika kuɓewa da tattasai rugar Fulanin da ke bayan gari, aka kawo mata man shanu. Mazarƙwaila tana da ita a ɓoye. Ta sa aka sauko da kabewa ɗaya, ta dafa, ta dame ta lilis. Da muka tambaye ta me za a yi, sai ta ce, "Kek."

Mu a lokacin sunansa kawai muka sani. Abin birni ne, sai wanda ya je Kano ya dawo da labarinsa.

Bayan Magariba muka taru a rumfa. Iya ta fasa ƙwai a babbar ƙwarya, ta ba mu maburgi muna karɓa-karɓa, ta ce kada mu tsaya sai ya yi kumfa ya tashi fari. Hannuwanmu suka gaji kafin ta ce ya isa. Ta zuba mazarƙwaila da man shanu da kabewa, ta barbaɗa fulawa a hankali tana juyawa. Ta zuba yashi a gindin babbar tukunya, ta jera gwangwanaye a kai, ta rufe, ta iza wuta.

Ba a daɗe ba muka ji ƙauri. Da aka buɗe, gindin ya ƙone ƙurmus, cikin kuma ɗanye sharaf. Ummi, 'yar baffana, ta fara taɓe baki za ta yi kuka. Ɗakin Umma yana daura da rumfar, asabari kawai ya raba mu, na san ta ji ƙaurin nan.

Iya ta gutsuri ƙonannen ta sa a baki, ta tauna a hankali.

"Ɗanɗanon yana nan," ta ce. "Wutar ce ta cika gaggawa."

Ta janye itace, ta ƙara yashi, ta sake cika gwangwanaye. Wannan karon ta ɗebi garwashi ta zuba a kan murfi. Sannan ta gyara zama.

"Duk wanda ya taɓa murfin nan kafin in gama, babu rabonsa. Ga wata baƙuwa a bakin zaure."

"A yi mata iso."

Ta ce a wani gari da ke bakin kogi an yi wata mata, Dela. Ba ta da komai sai 'yarta ɗaya, da zabuwa ɗaya, da 'yar garka a bayan ɗaki. Wata rana ta aiki 'yar ƙetaren kogi ta gaida kakarta. Yarinya na hayewa, sai wani tsohon kada ya fito ya kwanta a mashigi, kansa a wannan gaɓa, jelarsa a waccan. Babu mai zuwa, babu mai dawowa. Maharba suka harbe shi, kibiya ta karye. Masunta suka jefa masa taru, ya tsinka. Da aka gaji aka tambaye shi me yake so, sai ya ce shi duniya ce ta ishe shi. Ya ci kifi, ya ci nama, ya ci duk abin da ke tafiya da wanda ke tsirowa, bakinsa ya gundura. Ba zai tashi ba sai an kawo masa abin da bai taɓa ci ba.

Iya ta iya muryar kada. Takan saukar da ita can ƙasan maƙoshi, ta ja magana kamar mai jin barci. "An kawo masa sa, ya ce, 'Na ci.' An kawo masa zuma, ya ce, 'Na sha.' An kawo dabino, ya yi hamma."

Mutanen gari suka ce lallai abin da kada bai taɓa ci ba yana can wata ƙasa mai nisa, kuma hanyar zuwa can ita ce ya tare. Kowa ya koma gida ya zauna. Dela kuwa kullum tana bakin kogi, tana hangen ƙetare tana kuka, ko za ta hango 'yarta. Garka ta yi ta 'ya'ya babu mai tsinka. Zabuwa ta yi ta ƙwai babu mai kwashewa.

"Ran nan sai zabuwa ta gaji," in ji Iya. Na lura ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba. "Ta bi ta har bakin ruwa ta ce, 'Dela, wuyanki bai gaji ba? Kullum gaba kike kallo. Juyo ki dubi bayanki.'"

Dela ta juya. Ta ga ƙwai tuli, ta ga kabewa ta nuna, ta tuna da 'yar alkamar da ke cikin tulu.

"Ai kada ya ci ƙwai," in ji Ummi.

"Ya ci."

"Ya ci kabewa ma."

"Ya ci. Amma ɗai-ɗai ya ci su. Wa ya taɓa haɗa masa su wuri guda ya gasa?"

Dela ta haɗa, ta gasa. Ƙamshi ya tashi ya bi iska ya gangara kogi. Kada ya buɗe ido ɗaya. Ya buɗe na biyu. Ya ɗaga hanci, ya ja jiki, ya bi ƙamshi yana rarrafe har ƙofar Dela. Yana barin mashigi mutane suka ruga, masu hayewa na hayewa, masu dawowa na dawowa, ga 'yar Dela a gaba da gudu. Kada ya ci, ya lashe baki, ya ce shi kam ya sami gida. Tun daga ranar ya kwanta a bakin garkar Dela yana gadi, babu akuyar da ta sake kusantar wurin.

"Baƙuwa ta ɗauki takalmanta," in ji Iya. "Ta ce a gaida mutanen gida."

Ashe tun tana maganar kada ya ɗaga hanci mu ma namu hancin ya ɗagu, ba mu ankara ba. Wani ƙamshi ne ya cika rumfar wanda ban taɓa jin irinsa ba, na man shanu da ƙwai da wani abu mai daɗi a ƙarƙashinsu. Iya ta kawar da garwashi, ta sa tsumma ta ɗaga murfi. Kowane gwangwani ya kumburo har ya ɗara baki, samansa ja, ya ɗan tsage a tsakiya. Ta soka tsinke ta zaro, ya fito fes. Ta juye ɗaya a tafin hannu ta ɓara shi biyu, cikin rawaya saboda kabewa, tururi na tashi.

"Alhamdu lillahi," ta ce a hankali. Ta miƙo mini. "Kai wa uwarki tukuna."

Na ɗaga asabari na shiga. Umma ta karɓa, ta shinshina, ta gutsura. Sai na ga kafaɗunta na motsi. Na zaci kuka ne, ashe dariya take yi, ta farko tun da Baba ya tafi.

"Ki ce wa Iya kada ya tashi," in ji ta.

Ranar jajibiri gidanmu ya koma kamar kasuwa. Matan maƙwabta da suka ji ƙamshi jiya suka zo ganin ido, Iya ta ba kowace aiki. Aka kafa tukwane a kan murhu uku. Wasu na kaɗa ƙwai, wasu na shafa wa gwangwani mai, wasu na lura da garwashi. Mu yara aka tura mu garka. Muka tsinki kuɓewa har hannuwanmu suka yi ƙaiƙayi, muka yanko yakuwa da alayyahu runguma-runguma, muka karyo masara, muka zage zogale. Kabewar da ke kan rufi duk aka sauko da ita. Kafin rana ta faɗi garkar ta yi fayau, amma tsakar gida ta cika da kore da ja da rawaya, har babu wurin taka ƙafa.

Da safiyar suna, ana shirin raɗa wa yaro suna, Baba ya shigo. Da ƙafa ya zo, ya zagayo ta gonaki, wandonsa a naɗe, taɓo har gwiwa. Babu komai a hannunsa sai ƙunshin goro. Sauran kayan ya baro su a Gaya, don ba za su ɗauku a ka ba. Ya shigo kansa a sunkuye, ya doshi Iya zai fara ba da haƙuri. Sai ya tsaya. Ga tukunyar miyar taushe na tafasa, ga dambun zogale na turara, ga dafaffen ƙwai a kwando, ga masara a kan garwashi. A kan tabarma kuma ga faifai-faifai na kek an lulluɓe da tsumma mai tsabta.

"Iya, wannan fa daga ina?"

"Je ka wanke ƙafarka, liman na jira," ta ce.

Da hantsi amalanken mutanen Ajingi ya iso. Hajiya Gambo doguwar mace ce mai nauyin baki. Ta shiga ta ga jariri, ta yi masa addu'a, ta dubi Umma sama da ƙasa. Aka shimfiɗa mata tabarma a rumfar Iya, aka jera mata kwanuka. Ta ci tuwo da miyar taushe. Ta ci dambu. Da ta kai ga kek sai ta juya shi a hannu, ta gutsura, ta sake gutsura.

"An ce hanyar Gaya ta yanke," in ji ta. "Ta ina aka shigo da wannan?"

"Ta bayan ɗakina, Hajiya," in ji Iya. "Taso ki gani."

Suka shiga garka su biyu, suka daɗe. Ban san me suka tattauna ba. Da suka fito Hajiya na riƙe da irin kabewa a ƙulle a bakin mayafinta. Ta koma ɗakin Umma, na ji ta da kunnena tana cewa, "Gidan da aka yi wannan a tsakiyar damina, babu hanya babu kasuwa, ba gidan yunwa ba ne. Allah ya bar ku tare." Da za su tafi ita da kanta ta roƙi a ƙunsa mata na yara. Iya ta cika mata kwano, ta ɗora ƙwan zabi a kai.

Iya ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Ni kuma aure ya kawo ni cikin Gaya, kuma kek ɗin nan shi ya zama sana'ata. Ina yi wa masu biki da masu suna, ina da 'yan kaji, a bayan gida kuma na jera buhuna ina shuka alayyahu da tattasai saboda filin babu yawa. Shekaru da dama na ɗauka tatsuniyar Dela labarin dabara ce kawai, irin wadda ake ba yara don su zauna shiru. Sai wata rana Umma ta kawo mini ziyara, tana zaune tana kallona ina kaɗa ƙwai, na tambaye ta inda Iya ta koyi kek.

"Ba ta koya ba," in ji Umma. "Sau ɗaya ta taɓa gani, a gidan wata matar malamin makaranta da ta kai wa ƙwai a nan Gaya. Ranar nan ita ce ranar farko da ta gwada. Da na farko ya ƙone ina kallonta ta asabari, na ga ta tsorata."

"To, tatsuniyar fa?"

"Ban taɓa jin ta ba kafin ranar, ban kuma sake ji ba. A take ta ƙirƙire ta. Ku kuka kewaye ta, amma da ni take. Da zabuwa ta ce a juyo, sai na juya. Na tarar da ƙanenki yana barci a bayana lafiya lau. Kwana da kwanaki ina kallon ƙofa, ban tsaya na dube shi da kyau ba."

Tun daga ranar nake kallon abin daban. Akwai darasin da ke fili, cewa mutum kan zuba wa abin da ya gagare shi ido har ya manta da wanda ke hannunsa. Wannan na yi amfani da shi sau da yawa, musamman a shekarun nan da kayan masarufi suka yi tsada. Amma wanda ya fi zama mini a rai shi ne na Iya kanta. Tsohuwa ce da ba ta san ko abin zai yiwu ba, gida guda na kallon fuskarta, ta haɗiye tsoronta ta ba mu labarin nasara tun murfi yana rufe. Ba ta jira ta tabbata ba kafin ta ƙarfafa mana zuciya. Yanzu da na zama wadda yara ke kallon fuskarta, na san nauyin wannan.

Sunan da liman ya raɗa wa ƙanena Abubakar ne, amma har yau babu wanda zai gane shi da shi a Balan. Ɗan-ƙwai kowa ke ce masa, har abokan aikinsa. Kwanan baya matarsa ta haihu, ya kira ni a waya yana murna. Na tambaye shi irin kek ɗin da za a yi wa baƙi, ko mai hawa-hawa irin na zamani.

"A'a, Yaya," ya ce. "Na gwangwani nake so. Kowa a garin nan ya ci na sunana yana ba ni labari, ni kaɗai ne ban ɗanɗana ba."